Sharhi Kan Kulocin Aisin Na Hilux Bayan Na Sauke Giya Na Ɗaura Shi A Gida

Kulocin da kamfanin Aisin yake ƙerawa domin Toyota Hilux mai ja da tayoyi huɗu kaya ne da ya ci kuɗinsa, kuma ina faɗin haka ne bayan na sauke giyar motata da hannuna a harabar gida, na ɗaura shi, na kuma shafe watanni ina bin kwalta da burji da shi. Ya fi yawancin waɗanda ake jerawa kusa da shi a kanti tsada, amma a irin wannan mota kuɗin kuloci shi ne ƙaramin ɓangaren lissafin, domin wahalar duka tana wajen sauke giya da mayar da ita. Duk wanda ya taɓa kwanciya a ƙarƙashin Hilux yana kokawa da giyabos da ogzilari (ƙaramar giyar da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya) a haɗe ba zai so ya maimaita aikin bayan shekara guda saboda ya yi tsimin 'yan dubbai a kan faifai ba. Da wannan ma'auni na auna kayan, wato ko zai bar mutum ya rufe aikin sau ɗaya ya huta.

Motar da na yi wa aikin Hilux ce ta zubi na bakwai, wadda Toyota ta fara fitarwa a Tailan a 2004 da sunan Vigo, ta kuma ci gaba da ƙera ta har 2015. Tawa samfurin KUN26 ce, mai injin dizal 1KD-FTV na lita 3.0 da giyar hannu R151F mai hawa biyar. Wannan inji yana ba da ƙarfin murɗi da ya kai Nm 343 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin murɗi) tun yana ƙananan juyi, kuma duk wannan ƙarfi ta fuskar faifan kuloci yake bi kafin ya isa taya. Wajibi ne mai saye ya san cewa ko a cikin KUN26 ɗin kanta kulocin ba ɗaya ba ne: na farkon fitowa faifansu milimita 260 ne, na baya kuma milimita 275, kuma ɗaya ba ya zama a kan filawil ɗin ɗayan, wato farantin ƙarfen bayan inji da faifan ke mannewa a jikinsa. Hilux mai injin fetur 2TR-FE na lita 2.7, wadda ita ce ta fi yawa a hannun ma'aikatu da kamfanoni a Najeriya, nata kulocin dabam ne gaba ɗaya. Saboda haka kada a je kasuwa da sunan mota da shekararta kawai. A tafi da lambar shasi, in kuma da hali a jira har a ciro tsohon faifan a auna shi, domin motocin da suka shigo ta hannu na biyu sau da yawa an riga an canza musu filawil ko ma inji a wani wuri.

Dalilin da ya sa na zaɓi Aisin ba boyayye ba ne. Kamfanin na Japan ne, hedikwatarsa tana birnin Kariya a lardin Aichi, yana cikin rukunin kamfanonin Toyota, kuma ya samu ne a 1965 da sunan Aisin Seiki bayan haɗewar wasu kamfanoni biyu, kafin ya koma Aisin Corporation a 2021. Yana cikin masu ba Toyota kuloci tun daga masana'anta, kuma giyoyin jerin R da ke cikin Hilux ɗin ma daga rukuninsa suka fito. Wanda ya sayi kayansa yana sayen abin da aka tsara a kan ma'aunin motar ne, a cikin kwalin da ba na Toyota ba, a kan farashin da yawanci bai kai na dilan Toyota ba.

Kafin mutum ya kashe kuɗinsa ya kamata ya tabbatar cewa kulocin ne ya mutu. Alamar da ba ta ƙarya ita ce zamewa: ana cikin giya ta huɗu ko ta biyar a kan hawa, a taka totur, inji ya ɗauki ƙara, allurar juyi ta haura, amma mota ta ƙi ƙara gudu, wani lokaci kuma warin ƙuna ya biyo baya. Wannan ita ce matsalar da tawa ta nuna, musamman idan an ɗora mata buhuna. Idan kuwa abin da ake fama da shi shi ne giya ta ƙi shiga, ko feda ta yi laushi ta nutse ƙasa, to a fara duba kulocin sama da na ƙasa, wato tuluna biyun da ke amfani da mai su kai motsin feda zuwa cokali (ƙarfen da ke sa kuloci ya saki), domin robarsu tana gajiya su riƙa yoyo, kuma gyaransu ba ya bukatar a taɓa giyabos. Na ga mutane da dama da aka sa su sayi sabon kuloci aka sauke musu giya, alhali abin da ya lalace robar da ba ta kai kuɗin man tafiya ɗaya ba ce.

A cikin kwalin da na saya akwai abubuwa uku: faifan kuloci, murfin da ke matse shi, da boris ɗin da cokali ke turawa. Na juya faifan a hannuna da kyau kafin na biya. Kusoshin da suka riƙe fatar sun zauna daidai a cikin ramukansu, babu wanda ya karkace, sifirin-sifirin da ke tsakiya suna nan daram ba sa kaɗawa idan an girgiza shi, haƙoran cibiyar kuma an yanke su tsaf ba tare da ƙaiƙayin ƙarfe ba. A jikin murfin yatsun sifirin ɗin duk tsayinsu ɗaya idan aka dube su ta gefe, wanda shi ne abin da zai hana feda rawa a ƙarƙashin ƙafa. Fuskarsa tana shafe da siririn mai na hana tsatsa, kuma dole a goge shi sarai da man wanke birki kafin a ɗaura. Boris ɗin yana juyawa shiru da ɗan nauyi a hannu, alamar giris ɗin da ke ciki cikakke ne.

Abin da ke cikin irin wannan kwali yana bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, saboda haka a buɗe a gani a gaban mai kanti. Ƙaramin boris ɗin da ke zama a tsakiyar bayan kiranshaf (babbar sandar da ke juyawa a cikin inji), wanda kan sandar giya ke shiga cikinsa, da sandar saita faifai, da oyilsil ɗin bayan inji (robar da ke hana mai yoyo), duka na saye su ne dabam. Ban ɗauki wannan a matsayin aibin kayan ba, amma wanda bai sani ba zai iya buɗe mota ranar Asabar da yamma ya tarar babu su, aikin ya kwana a buɗe.

Maganar jabu ita ce ta fi damuna a duk wannan harka, domin duk sunan da ya yi fice a kayan mota sai an samu masu kwaikwayon kwalinsa. Na sayi nawa ne a Ƙofar Ruwa a Kano, a wajen wani mai kanti da ya yarda ya rubuta mini lambar kayan a rasit, ya kuma amince in mayar idan awo bai zo daidai ba. A Panteka ta Kaduna da Apo a Abuja da Ladipo a Legas ma akwai masu sayar da na gaske, akwai kuma masu sayar da gauraye, kamar kowace babbar kasuwa. Abin da nake dubawa shi ne tambarin da aka buga a jikin ƙarfen kansa, ko lambar da ke jikin kaya ta dace da ta kwali, da tsabtar aikin kusoshi, sai kuma farashi. Idan aka ba mutum kulocin da ake cewa na Japan ne a kan rabin kuɗin da sauran kantuna ke faɗa, to ya ajiye shi ya wuce. Kulocin da na ciro daga motar wani gareji ne ya ɗaura wa mai ita na farko, babu sunan kowa a jikinsa, kuma abin da na gani a fuskarsa ya isa hujja. Na Beljiyam kuwa, wato wanda aka ciro daga wata mota, ban ga hikimarsa ba a aikin da wahalarsa ta kai haka, tun da ba wanda zai iya faɗin yawan zafin da sifirin ɗinsa ya sha.

Yanzu ga aikin kansa, wanda shi ne zai nuna ko mutum ya dace ya yi shi a gida. Ana bukatar daɓen siminti mai shimfiɗe, da ƙafafun ƙarfe huɗu masu ƙarfi da za a ɗora shasi a kansu, da jak na musamman mai faranti da sarƙa wanda ake ɗaukar giya da shi. Ina roƙon mai karatu da ya ɗauki wannan da muhimmanci ƙwarai. Giyabos da ogzilari idan suna haɗe sun fi buhun siminti nauyi nesa ba kusa ba, kuma nauyin ba a tsakiya yake ba, ya rinjaya baya da gefe guda, ta yadda da zarar sun rabu da inji sai su nemi juyewa. Bulo yana fashewa ba tare da gargaɗi ba, jak ɗin canza taya kuma ba a yi shi domin mutum ya kwanta a ƙarƙashinsa ba. Wanda ba shi da jak ɗin giya ya yi haya ko ya ara, wanda kuma ba shi da mataimaki ya jira har ya samu. Ni da ƙanena muka yi, kuma akwai wuraren da hannu biyu ba za su taɓa isa ba. Ban da waɗannan, sai soket daga lamba 10 zuwa 19, da dogayen sandunan ƙari waɗanda idan aka haɗa su za su kusa kamu biyu, da gwiwar soket mai lanƙwasa, da sifanar awon ɗauri.

Ana farawa da cire wayar batir ta nagetif, domin wayar kik tana ɗauke da wuta kullum, sifana kuma idan ta taɓa ta ta haɗa da jikin mota tartsatsin ba na wasa ba ne. Daga nan sai a shiga cikin mota a cire kawunan sandunan giya biyu da robobinsu. Babbar sandar tana da wata hula a gindinta da ake dannawa ƙasa a murɗa hagu sai ta fito, ta ogzilari ita ma a zare ta, a toshe ramukan da tsumma mai tsabta. A ƙasa kuma a cire farantan kariya, a tsiyaye man giya da na ogzilari, a kuma kula a fara kwance notin zubawa kafin na tsiyayewa, saboda idan na saman ya ƙi kwantuwa bayan an zubar da mai an shiga matsala. A dubi man da ya fito da ɗan maganaɗisun da ke jikin noti, domin laushin baƙin gari ba abin damuwa ba ne, amma ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli labari ne dabam.

Furofela, wato dogayen sandunan da ke kai juyi daga ogzilari zuwa tayoyi, biyu ne, na gaba da na baya, kuma kafin a kwance su a yi musu alama da fenti a inda suka haɗu da filanjinsu, domin a mayar da kowanne yadda yake, in ba haka ba mota tana iya fara kaɗawa a kan gudu. Kulocin ƙasa ana kwance notinsa biyu ne kawai a ɗaure shi gefe da waya ba tare da an buɗe bututun mai ba, kuma daga wannan lokaci kada kowa ya taka feda. Sai kik, sai maƙalin salansa da ke jikin giya, sai wayoyin fitilar ribas da na awon gudu da na alamar ogzilari, tare da ƙananan bututun shan iska. Ɗaukar hoton kowane soket na waya da wayar hannu kafin a zare shi yana rage ruɗani ranar mayarwa.

Wurin da ya fi cin lokaci shi ne notocin saman kwaryar da ta haɗa giya da inji. Ba a ganinsu daga sama, hannu kuma ba ya kai musu daga gefe. Dabarar ita ce a tallafi inji da jak da guntun katako mai faɗi, a ɗaure giya a kan nata jak ɗin, a cire sitin giya da ƙarfen gicciye da ke ɗauke da ita, sannan a sassauta jak a hankali har bayan giyar ya sunkuya. Wannan sunkuyawa ce ke buɗe hanya ta saman giya, inda za a zura doguwar sanda daga can baya, mutum ɗaya yana riƙe da soket a kan noti yana haska fitila, ɗayan yana murɗawa. A lura da bayan inji kada ya jingina da jikin mota ya matse bututu ko waya, a kuma dubi fanka kada ta taɓa lagireto. Notocin ba tsayinsu ɗaya ba, saboda haka na zana siffar kwaryar a jikin kwali na soka kowanne a gurbinsa. Idan duk sun fita, sai a ja giyar baya a miƙe har sandarta ta fita daga cikin faifai gaba ɗaya kafin a fara saukewa. Idan aka bar nauyinta ya rataya a kan sandar tana rabin fita, ana iya lanƙwasa cibiyar faifai ko a ɓata boris ɗin gaban giya. Wasu suna raba ogzilari da giyabos tun suna sama domin rage nauyi, kuma ga wanda jak ɗinsa ƙarami ne wannan shawara ce mai kyau, ko da yake tana ƙara aiki.

Da na kwance tsohon murfin, ina sassauta notocinsa kaɗan-kaɗan a zagaye domin sifirin ɗin ya saki a hankali, na tarar fatar faifan ta cinye har kusoshi sun fara gogar ƙarfe. Littafin gyara na Toyota ya sa iyakar zurfin kan kusa a milimita 0.3, wannan kuwa ya wuce nan a gefe guda, ɗaya gefen kuma da sauran nama, alamar murfin bai taɓa matsa shi daidai ba. Ƙurar da ke cikin kwaryar kada a hure ta da iska ko da baki, domin wasu fatun kuloci, musamman tsofaffi da marasa suna, suna iya ƙunsar asbestos mai lahani ga huhu. A jiƙa ta da man wanke birki a goge da tsumma, a sa abin rufe hanci.

A kan filawil ne mutane da yawa suke zaluntar sabon kuloci, sannan su zo suna zagin kamfanin da ya ƙera shi. Fuskar tawa tana da tabo masu shuɗi-shuɗi na zafi da ƙananan tsage-tsage, yatsa kuma yana jin tudu da kwari idan aka shafa. Sabon faifai a kan irin wannan fuska zai riƙa karkarwa a duk tashi, kuma zai cinye kafin lokacinsa komai kyansa. Na cire ta na kai wa masu injin gyaran ƙarfe suka share fuskar ta dawo sumul. Iyakar karkacewar da Toyota ta yarda da ita a fuskar filawil milimita 0.1 ce, wanda ido ba ya iya gani, shi ya sa gogawa da samfefa a gida ba ta wadatarwa. Filawil ɗin motata dunƙulen ƙarfe ɗaya ce, shi ya sa sharewar ta yiwu. Masu motoci irin Nissan Navara D40 ta dizal, wadda take zuwa da filawil mai ɓari biyu da sifirin a tsakani, su sani cewa tasu ba a yi mata haka, canza ta ake yi idan ta gaji, kuma kuɗinta ba kaɗan ba ne. Wajen mayarwa a ɗaure notocin filawil a gicciye, mataki-mataki, da sifanar awo a kan adadin da littafin injin ya faɗa, domin waɗannan notoci ne da ba a yi musu kintace.

Tun da filawil ta fita, oyilsil ɗin bayan kiranshaf yana fili, kuma na canza shi duk da cewa ɗan gumi kawai yake yi. Ɗigon man inji kaɗan a kan fatar kuloci ya isa ya sa ta zamewa, kuma hanyar isa ga wannan roba ita ce dai wannan doguwar hanya da aka riga aka biyo. Ƙaramin boris na tsakiya shi ma ya fita. Idan babu abin zaro shi, ana cika ramin bayansa da giris, a sa sandar ƙarfe da ta cika bakinsa daidai, a buga da guduma, sai matsin giris ɗin ya turo shi waje. Sabon kuma a buga shi a hankali ta gefen zobensa na waje kawai. A ɓangaren giya na wanke cokali da ƙwallon da yake juyawa a kai, na duba ko sun ci, na shafa musu giris mai jure zafi, na kuma duba oyilsil ɗin gaban giya. Haƙoran sandar giya siririn giris suke so, wanda za a shafa, a zura faifan a zaro, a goge duk abin da ya taru a baki, domin abin da ya yi yawa juyi zai watsa shi kan fata.

A wajen ɗaurawa ne kayan Aisin ya nuna kansa. Faifan ya zura a kan haƙoran sandar giya ba tare da cijewa ba kuma ba tare da lilo ba. Ramukan murfin sun hau kan turakun filawil ba tare da an nemi guduma ko an faɗaɗa rami ba, boris ɗin kuma ya kama cokali da maƙalinsa kamar yadda tsohon na asali zai yi. Wanda ya taɓa fama da kayan da sai an gyara musu zama da fayil zai san darajar wannan. Faifan yana da gaba da baya, kuma idan aka juya shi cibiyarsa za ta taɓa notocin filawil ya ƙi saki, saboda haka a gwada shi a jikin filawil da hannu a tabbatar fata ce kaɗai ke taɓawa. Sai a zura sandar saiti ta ratsa faifan ta shiga ƙaramin boris, a ɗora murfi, a riƙa ɗaure notocin a gicciye, juyi ɗaya-ɗaya, har murfin ya kwanta, sannan a kammala da sifanar awo a kan Nm 19. Adadin ƙarami ne, kuma mai ɗaurewa da ƙarfin dantse yana iya tsinke noti a cikin filawil. Idan an gama, sandar saitin ta riƙa shiga tana fita ba tare da turjiya ba.

Mayar da giya haƙuri take so fiye da ƙarfi. A ɗaga ta har fuskar kwaryar ta yi daidai da bayan inji, tazarar sama da ta ƙasa da ta gefe duk su zama ɗaya, sannan a tura. Idan ta tsaya saura kamar faɗin yatsu biyu, yawanci haƙora ne ba su haɗu ba, kuma maganinsa shi ne a sa giya a ciki a murɗa filanjin baya kaɗan har su faɗa. Abin da ba a yi ko kusa shi ne a sa dogayen notoci a jawo giyar da ƙarfi, domin ta haka ake fasa kwarya, a lanƙwasa sabon faifai, a kuma murƙushe ƙaramin boris. Idan komai ya daidaita, da kanta take zamewa ta hau turakunta da wata 'yar ƙara mai daɗin ji. Sauran aikin bin sawun kwancewa ne a juye. Na zuba man giya 75W-90 a giyabos da ogzilari har ya fara dawowa ta ramin zubawa, na kuma canza man kuloci da sabon DOT 3, tun da tsohon ya yi baƙi. Kafin a sauke mota daga kan ƙafafun ƙarfe, a tada inji a taka feda a gwada ribas, domin ita ce giyar da ke fara ƙara idan kuloci bai saki sosai ba.

A kan hanya, abin da na fara lura da shi shi ne laushin feda. Tsohon ya yi tauri a hankali har ƙafa ta saba ba ta sani ba, sabon kuwa ana taka shi ba tare da an ji a gwiwa ba, wanda duk mai bin cunkoson Kano da yamma zai yaba. Yana fara kamawa ne a wajen tsakiyar tafiyar feda, kuma kamun yana zuwa a hankali, ba fizga ba karkarwa, ko a ribas a kan hawa. Na lallaɓa shi na 'yan ɗaruruwan kilomita na farko, ba lodi mai nauyi ba tashin gaggawa, domin fata da ƙarfe su san juna. Bayan haka na ɗora masa lodin da tsohon yake zamewa a ƙarƙashinsa, na hau tudun da na saba gwaji a kai a giya ta huɗu, allurar juyi da ta gudu suka tafi tare. Ƙugin da ake ji a da idan mota tana tsaye an taka feda ya ɓace, giya ta ɗaya da ta biyu kuma suna shiga da safe ba tare da gardama ba. Sifirin ɗin tsakiyar faifan suna shanye bugun injin dizal yadda ya kamata, don haka babu kwaramniyar giya a ƙananan juyi.

Iyakarsa ita ce an yi shi ne a kan ƙarfin da motar ta fito da shi daga masana'anta. Wanda ya sa aka taɓa kwamfutar injinsa domin ƙarin ƙarfi, ko ya sa manyan tayoyi fiye da na asali, ko kuma sana'arsa jan tirela mai nauyi ce kullum, zai fi dacewa da kuloci mai matsi mai yawa. Kamfanin Exedy na Osaka, wanda aka sani da Daikin kafin ya canza suna a 1995, yana yin irin waɗannan domin motocin daji, kuma shi ma tsohon mai ba masana'antun Japan kaya ne. Sai dai ƙarin matsi yakan zo da ƙarin nauyin feda, kuma ga motar da ba a canza mata komai ba ban ga abin da zai sa a ɗauki wannan nauyi ba.

Tsawon ransa kuma yana hannun direba fiye da yadda yake hannun kamfani. Abin da ke kashe kuloci a motocinmu shi ne yashi da taɓon damina, inda direba zai maƙale ya riƙa taka totur da rabin kuloci har hayaƙi ya tashi, alhali sandar ogzilari tana gefensa. Giyar L4 ta wannan mota, wato giyar ogzilari mai ja da tayoyi huɗu a hankali, tana ninka ƙarfi sau 2.566, wanda ke ba da damar a saki feda gaba ɗaya mota ta riƙa rarrafawa da kanta. Haka nan idan za a ratsa ruwa a zaɓi giya tun daga bakin gaɓa, domin taka kuloci a tsakiyar rafi yana buɗe wa laka hanya ta shiga tsakanin faifai da filawil. Ɗora ƙafa a kan feda ana cikin tafiya, da riƙe mota a kan hawa da kuloci maimakon birkin hannu, su ma suna cin fata da boris a ɓoye.

Game da ko a yi aikin a gida ko a kai gareji, ra'ayina shi ne duk wanda ya taɓa canza birki da kik da furofela da kansa, yana da daɓe mai kyau da jak ɗin giya da mataimaki, zai iya, muddin ya ware ƙarshen mako guda cikakke kuma ya lissafa cewa masu share filawil ba lallai su buɗe ranar Lahadi ba. Wanda bai cika waɗannan ba ya sayi kayan da kansa ya kai wa bakaniken da ya amince da shi, wanda yake da rami, ya kuma tsaya a wajen ya ga an fitar da filawil an kai shara, an canza ƙaramin boris da oyilsil, an saita faifai da sanda, an ɗaure murfi da sifanar awo. Bayan mako guda da fara hawa, a sake shiga ƙarƙashin motar a bi notocin furofela da na ƙarfen gicciye da sifana, a kuma duba gindin kwaryar giya ko akwai ɗigon mai.